Notin lambar mota da tsatsa ta kama

Wata ranar Alhamis cikin watan Agusta, ruwa ya kwana yana zuba har asuba, na fito zan tafi wajen aiki na biyo ta Kabuga, ina tsaye a danja sai wani ɗan adaidaita sahu ya matso daf da ni yana min alama in sauke gilashi. Na ɗauka faɗa zai yi min ko na matse shi ban sani ba, ashe taimakona zai yi. Yace "Alhaji lambarka ta baya tana lilo fa, saura ƙiris ta faɗi." Nace masa nagode Allah ya saka da alheri, ana sakin hannu na gangara gefen titi na fito na duba.

Abin da na gani ya ɗaga min hankali. Lambar tana rataye da noti ɗaya tal na ɓangaren dama, na hagu kuma yana nan a jikin mota amma lambar ce ta zame daga kansa, ramin da ke jikin lambar ya ci ya faɗaɗa har kan notin ya wuce ta ciki. Gefen ramin wani farin gari-gari kamar toka, notin shi kuma ja jawur, ga wani layin tsatsa ya zubo daga nan har kan rubutun Centre of Commerce da ke jikin lambar. Shekara 6 motar nan tana hannuna, kullum sai na buɗe but na rufe, kusan duk sati sai an wanke ta, amma wallahi ban taɓa tsayawa na kalli notunan nan guda biyu ba. Wani mai faci da ke wajen ne ya bani guntuwar waya na ɗaure ta na wuce.

Wani zai ce to meye a lambar mota da har za'a zauna ana dogon rubutu a kanta. Ni dai na san abin da na gani. Akwai wani maƙocina da lambarsa ta gaba ta faɗi a cikin ruwa daminar bara, ya shiga wani kwari da ruwa ya taru, ƙarfin ruwan ya fizge ta bai ma sani ba sai da ya iso gida yaransa suka faɗa masa. Ya koma wajen da yamma ya bi kwata yana tona shara da sanda, babu ita babu labarinta. Daga nan sai zuwa wajen 'yan sanda a kai rahoto, sai kotu a yi takardar rantsuwa, sai ofishin lasisi a biya kuɗi a jira, kuma ba laifin kowa bane ƙa'ida ce haka, tunda lamba ba kwali bace da kowa zai je ya bugo abinsa. Amma abin da yafi damunsa ba kuɗin bane, tunanin a hannun wa lambar take ne ya hana shi bacci, don in wani mugu ya tsince ta ya maƙala a wata motar yaje ya aikata ɓarna, sunanka ne zai fito in aka bincika. Ga kuma duk fitar da zaka yi gabanka na faɗuwa ko 'yan KAROTA, masu kula da titi na Kano, ko rod sefti su tsayar da kai, kuma in sun tsayar da kai da gaskiyarsu, mota babu lamba ai dole a tambaya.

To shi yasa ranar Asabar da sassafe nace bari in gyara abina da kaina, na siyo sabbin notuna tun ranar Juma'a da yamma. Ga inda nayi kuskure, kuma zan faɗe shi yadda ya faru don kar wani ya maimaita. Notunan irin masu kan gicciye ne wanda ake kwancewa da sukundireba sita, ni kuma wadda ke gidana ƙarama ce, ta gyaran soket da fanka, bakinta ma ya ɗan cinye. Na saka na murɗa yaƙi motsi, na ƙara ƙarfi sai naji ta zame ƙarrr, na sake ta sake zamewa, kafin in ankara giccen nan ya zama rami zagayayye kamar an kwarfe shi da cokali. Sai na ɗauko filaya na kama gefen kan ina murɗawa, filayar ta kuɓuce ta karce fentin but ɗin, gefen lambar kuma ya yanke ni a babban yatsa, don gefen lambar nan kaifi ne da shi sosai ku kiyaye. Zuciya ta ɗebe ni na fara jan lambar da hannu ko zata fito ta kan notin kamar yadda ɗaya ɓangaren yayi, sai ta lanƙwashe daga kusurwa. Maman yara ce ta leƙo tace "Abban yara dan Allah ka bar abin nan haka ka kai wa masu yi, kalli hannunka fa." Naji haushi a lokacin amma gaskiya ta faɗa.

Akwai wani dattijo mai gyaran bodi a wani gareji can wajen Kwakwaci, tun motata ta farko shi yake min aiki, Baba muke ce masa. Na same shi yana shan shayi a kan benci, na gaishe shi na nuna masa. Ya duƙa ya kalli notin ya daɗe, sannan yace "Malam da me ka taɓa shi?" Na faɗa masa. Yace "da ka bari ya sha mai tun daren jiya da yanzu ba kazo nan ba. Tsatsa ba'a yi mata ƙarfi, lallaɓa ta ake."

Abu na farko da yayi ko taɓa notin bai yi ba, but ya buɗe ya ɓalle murfin da ke lulluɓe da cikin ƙofar but ɗin ya haska da fitilar wayarsa, yace in zo in gani. Ashe ta baya ba iri ɗaya bane a kowace mota. Wata zaren a jikin ƙarfen motar yake an like shi tun daga kamfani, wata roba ce aka cusa a rami notin yake shiga cikinta, wata kuma bol da noti ne, wato in baka riƙe na ciki da sifana ba ko kwana zaka yi kana juya na waje tare zasu riƙa juyawa. Tawa Corolla ce, zaren a jikin mota yake, mai kaurin milimita 6, irin wanda in mai kai shida ne sifana lamba 10 ke kama shi. Ya nuna min wayoyin fitilar lamba da suka bi ta kusa da wajen, yace ka gani, masu zuwa da injin huda su danna kai tsaye basu duba baya ba, su suke tsinka wayar nan ko su huda abin makulli, a gyara ƙaramin abu a ɓata babba.

Sai ya kira yaronsa yace ya kawo buroshin waya. Ya goge tsatsar da ke kan notin ta gaba, ya goge jelar da ta leƙo ta baya har ƙarfen ya fara nunawa, yace in baka goge ba man a kan ɓawon tsatsa zai tsaya ba zai shiga zare ba. Sannan ya fesa WD-40, wato man fesawa na gwangwani mai sassauta tsatsa, ta gaba da ta baya, ya ɗora bakin wani guntun ƙarfe a kan notin ya riƙa bugawa da ƙaramar guduma a hankali, ƙwas ƙwas ƙwas, ba bugun fasawa ba, bugun da zai girgiza zaren tsatsar da ta cike tsakani ta tsattsage man ya samu hanya. Ya sake fesawa, ya koma kan bencinsa ya ɗauki kofin shayinsa yace in zauna. Nace Baba ba za'a gwada ba? Yace a'a sai ya jiƙa. Mun fi minti 30 a zaune, sau biyu yana tashi ya ƙara fesawa ya ɗan bubbuga ya dawo.

A zaman nan ne na tambaye shi man birki fa, don na sha ganin makanikai suna ɗiga shi a kan notin da ya ƙi kwantuwa. Yace a ƙarƙashin mota ko a jikin inji babu damuwa, amma kar ka kuskura ka kawo shi kusa da fenti, man birki cin fenti yake, ya zubo a kan but sai kaga wajen ya kumbura ya saɓule. In babu na fesawa gara kananzir, ko kananzir da ɗan baƙin mai, sai dai shi yana son a bashi lokaci ya kwana. Wuta kuma, wadda ake gasa noti da ita a wajen salansa, yace nan ba wajenta bane sam, bamba roba ce zata narke, fenti zai ƙone, fatar da ke kan lambar mai sheƙi da daddare zata tattare, ga tankin mai ba nisa.

Da lokaci yayi, tunda na riga na kashe giccen, sai ya ɗauko tsinken zarto na yankan ƙarfe, ba tare da mariƙinsa ba, ya naɗe gefe ɗaya da tsumma, ya sa kwali ya kare lambar, ya zauna yana yanka layi ɗaya a tsakiyar kan notin a hankali har ya yi zurfin da babbar sukundireba filat zata zauna daram. Wannan wajen na tsaya na kalla da kyau. Ya saka ta, ya bugi ƙeyarta da guduma sau biyu ta zauna, ya jingina ƙirjinsa ya danna da nauyin jikinsa, kuma abin mamaki ba kwancewa ya fara yi ba, ɗaurewa ya ɗan yi tukunna kamar zai ƙara matse shi, sai naji wata 'yar ƙara ƙas, sannan ya dawo baya kaɗan, ya sake gaba, ya sake baya, yana fesa mai a tsakani, ruwan da ke fitowa daga zaren ja kamar an jiƙa jar ƙasa. Yace dannawa tafi murɗawa muhimmanci, in ka murɗa baka danna ba sukundireba hawa take ta fito tana cin kan. A haka a haka na dama ya fito gaba ɗayansa, zaren duk ya cinye ya zama siriri a tsakiya.

Na hagu shi kam bai yarda ba. An yi masa duk abin da aka yi wa ɗan uwansa, ya kama shi da filaya mai kullewa ya ɗan motsa, sai kan ya guntule ya bar jelar a ciki. Baba bai ko damu ba, yace dama ya zata. Ya sa ƙaramin ƙarfe mai tsini ya buga ɗigo a tsakiyar guntun don kar bakin injin huda ya zame, ya fara da siririn baki na milimita 3 yana tafiya a hankali yana ɗiga mai, sannan ya canza zuwa wanda ya fi shi kauri, yaronsa na riƙe da wayoyin ta baya ya janye su gefe. Da ya gama zaren wajen ya tafi, don haka yace wannan ɓangaren sai dai bol da noti, a zura ta waje a ɗaure ta ciki. Ya goge bakin ramin, ya ɗiga fenti da ɗan tsinke a inda ƙarfe ya fito tsirara, harda inda na karce da filaya, yace ramin da aka huda aka bari babu fenti daga nan but yake fara ruɓewa.

Na fito da notunan da na siyo ranar Juma'a na miƙa masa, ya juya su a tafin hannu yace waɗannan damina ɗaya zasu yi maka. Farare ne tas suna ƙyalli, ashe ruwan tutiya ne kawai aka yi musu sama-sama, da sukundireba ta karce shi shikenan baƙin ƙarfe ne a ciki. Yace in je Ƙofar Ruwa wajen masu sayar da notuna in ce sitenles nake so, wato ƙarfen da baya saurin tsatsa, kuma in tafi da mayen ƙarfe. Wannan dabarar ta burge ni, yawancin notin sitenles na gaske mayen ƙarfe baya kama shi sosai, ko ya kama sai dai a raunane, na bogi kuwa caraf zaka ji ya manne. Wasu na gasken ma zaka ga an buga A2 a kansu, alamar sitenles kenan. Na je na samu, mai shagon da ya ga na fito da mayen ƙarfe daga aljihu dariya yayi yace "Alhaji wa ya koya maka", ya shiga ciki ya ɗauko wani kwalin daban. Guda 4 na siya masu kai shida, da washa na roba, da noti irin mai roba a cikinsa wanda girgiza bata kwance shi, duka kuɗin bai kai na litar fetur 2 ba.

Washan robar nan ba ado bane. Lambar motocinmu alminiyam ce, bata yin jar tsatsa, amma in ta haɗu da wani ƙarfen daban kuma ga danshi a tsakani, sai alminiyam ɗin ya riƙa cinyewa a hankali, wannan farin garin da na gani a bakin ramin kenan, shi ya faɗaɗa ramin har lambar ta zame. Sitenles ma yana yi mata haka, don haka roba a tsakaninsu ke raba faɗan, kuma tana hana lambar kaɗawa tana ƙara in ka rufe but ko ka faɗa rami. Baba ya miƙar da kusurwar da na lanƙwasa a kan katako da gudumar roba, ya shafa giris a zaren kowane noti, ya sa babban washa a ramin da ya faɗaɗa, ya ɗaure daidai ba tare da ya matse har lambar ta lotsa ba.

Da na zauna nayi tunani sai naga dalilan a fili suke. Mu a Kano muna ganin ai garinmu busasshe ne tsatsa ta mutanen Legas da Fatakwal ce masu iskar teku, kuma haka ne tasu tafi tamu, amma bayan lamba wani lungu ne da ba ya bushewa. Duk ƙurar hunturu a nan take taruwa tsakanin lamba da jikin mota, musamman in akwai firem ɗin roba da ake sakawa don kwalliya, sai mai wankin mota ya watsa ruwa da omo ƙurar ta zama taɓo ta zauna a kan zaren, kafin ta bushe an sake wankewa, sannan damina ta zo daga Yuni zuwa Satumba ta ƙarasa. Ga kuma motocinmu yawanci 'yan Kwatano ne, sun yi rayuwa a Amurka ko Kanada ko Turai inda ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, wata tun kafin ta hau jirgin ruwa zaren ramin ya riga ya fara ci. Sannan ranar da aka karɓo sabuwar lamba kowa murna yake, yaron da zai ɗaura duk ƙusar da ya samu a gwangwani ita zai dunƙuma, wani har ƙusar katako ko ta rufin kwano, in zaren bai dace ba ya tura da ƙarfi. Tun da aka kawo sabon tsarin lamba a 2011, wanda harufan ƙaramar hukuma suke dawowa farko, KMC ko NSR ko FGE ko DAL ko GWL, akwai motocin da tun ranar da aka ɗaura musu babu wanda ya sake taɓa notin, ka lissafa damina nawa kenan.

Mun yi gardama da wani abokina a kan ribit, wato ƙusar nan marar zare da ake matsewa ta mutu a rami. Shi yace duk wannan wahala ce, a buga mata ribit kawai a huta, ɓarawo ma ba zai iya cirewa da sukundireba ba. Ban ce bashi da hujja ba, satar lamba gaskiya ce kuma ribit na rage ta. Amma ni ban so, don sai an huda jikin mota sabon rami, kuma in ya kwana biyu yana saki lambar ta fara kaɗawa babu yadda zaka ƙara matse shi, ranar da kake son cirewa kuma, ko za'a yi fenti ko za'a canza bamba, dole sai injin huda. Bol da noti mai roba da aka ɗaure ta cikin but yana yin kusan aikin, wanda ya zo ta waje zai yi ta juyawa ne kawai ba zai fita ba sai ya buɗe but. Walda kuwa da naji wani yana ba da shawara, don Allah kar a fara.

Layin tsatsar da ya zubo a kan lambar shi ma na kusa yin wani kuskuren, don soson ƙarfe na so in sa. Yaron Baba ne yace "Oga kar ka sa, shuɗin rubutun zai bi soson." Haka fetur da tina, suna dusar da rubutun, kuma lambar da ta koɗe ba'a iya karantawa ita ma matsala ce a hanya. Lemon tsami na matse a tsumma na ɗora a wajen na ɗan lokaci, na goge a hankali na wanke da ruwa, sau uku nayi, bai fita duka ba amma saura ɗan alama kaɗan.

Na tambayi Baba nawa zan bayar yace in ba yaron wani abu kawai, shi ba zai karɓi kuɗi a kan noti biyu ba. Na matsa masa yaƙi.

Satin da ya biyo baya na duba na gaba, su a cikin robar bamba suke, sun yi ja amma basu kama ba, na fesa musu mai ranar Juma'a da daddare, da safe na sa sukundireba sabuwa mai girman da ya dace suka fito ba gardama, na canza su. Ƙanina ya zo gaishe mu da yamma na zagaya bayan motarsa na duba, tasa ma layin ja ya fara zubowa. Mun fesa mun bari ya kwana, uku sun fito, na huɗun robar da ke riƙe da shi ta baya ce ta saki, yana ta juyawa a wuri ɗaya ba ya shiga ba ya fita, kuma hannu baya kaiwa wajen sai an sauke bamba. Ranar Asabar mai zuwa zamu kai wa Baba.